Kawara Bakwai

Da asuba na sauko bakin ruwan Goronyo,
raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando.
Jirgin Arzika na nan inda aka ɗaure shi,
firizar cikinsa na gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi.
Baƙar waya ta taso daga rumfar janareta,
ta ratsa yashi, ta hau leɓen jirgi,
ta kwana tana ba kifi sanyi.

Sai ga Tunau, autan Arzika,
ya tuɓe riga ya rataye a kan turke,
ƙafa ɗaya har ta bar ƙasa.

Ni kuwa idona ya faɗa kan kawara.
Bakwai na ƙirga, ciki sama, fari fat,
sun kewaye jirgin kamar an jera su,
babu ƙugiya, babu koma, babu tabon mashi.

Ban san sadda na cafko damtsensa ba.
Ya dube ni, ido ya kawo ruwa:
Baba Nomau, mi na yi?
Na ce ba ka yi komai ba, ɗana,
ruwan ne yau ba namu ba.

Na koma tudu da gudun da na manta ina da shi,
na kashe makunni,
na zare filogi daga can, gefen ƙasa,
don mai kashe maciji ba ya farawa ta wutsiya.
Na goge hannu a hula har ya bushe
sannan na bi wayar taƙi-taƙi da yatsa.

Ga ta nan.
Inda jirgi ke rausaya dare duka,
ƙarfen gefe ya ci robar,
jan ƙarfe ya leƙo, siriri kamar gashin masara,
yana sumbatar kwano, kwano na sumbatar ruwa.
Wayar ƙasa kuma an datse ta tun bara
wai filogin mai ƙafa uku ya ƙi shiga soket.

Arzika ya iso da goro a kunci.
Ya ce a naɗa leda, kasuwa na jira,
tarwaɗa ba ta san haƙuri ba.
Ban amsa ba.
Na nuna masa kawara, na nuna masa yaron.
Goron ya tsaya masa a baki.

Shekara ashirin da shida ina wannan aiki,
daga shagon maigidana a Sakkwato har nan,
ban taɓa ganin wuta da idona ba.
Wutar kara tana aiko hayaƙi,
kada ma yakan nuna hanci.
Wannan ba ta sallama.

Muka sayo sabuwar waya mai kauri, ba haɗi,
muka ɗaga ta bisa sanduna, ruwa bai kai,
muka saka mata tsohon tiyo inda take gogar ƙarfe,
muka mayar da ƙafa ta uku mazauninta,
da makunnin nan mai faɗuwa da kansa in wuta ta ɓace hanya.
Na ce masa: jirgi farko, tudu daga baya,
in za ka zare kuma, ka juya lissafin.
Kuma muddin waya na jone, kowa ya yi wanka can nesa.

Kasuwa ta tashi ba mu.

Da la'asar Tunau ya tono rami a yashi
ya binne su, bakwai ɗin,
ban hana shi ba.