Tazarar Yatsu Biyu

A Porto, bayan kasuwar kifi,
inda hazon kogin Douro ke lasar ƙofa da asuba,
nan shagona yake.
Shekara talatin da ɗaya
ina ɗinka wa zane-zane rigar katako.

Ranar Talata Dona Graciete ta shigo,
zane a ƙirjinta, naɗe cikin bargon gado.
Aikin mijinta ne, Abílio, kafin idonsa ya dushe:
kwalekwale biyu, da mace tana shanya a bakin ruwa.
Ban tambayi ko wace ce macen ba.
Wuyansu ɗaya da wadda ke tsaye gabana.

"Wani a Osaka ya saya," in ji ta.
"Rufin ɗakina na yoyo."

Na yaye bargon, don gashinsa kan kama fenti.
Na kai bayan yatsa can gefe,
man ya bushe tun tuni.
Sai farar takarda mai santsi, gaba da baya,
a lulluɓe shi kamar jaririn da bai yi suna ba.
Gam a kan takarda kawai, kada ya shinshini launi.
Kwali a kusurwa huɗu,
su ke fara shan wuya a hannun 'yan dako.
Leda saboda gishirin teku,
da 'yan ƙulle-ƙullen nan masu shanye laima.
Teku ba ta san Abílio ba,
ba kuma za ta tambaya ba.

Tsakanin zane da katako
nakan bar tazarar yatsu biyu, in cike da soso.
In ka matse shi, ya tsage.
In ka sake masa, ya yi ta karo da bango har Japan.
Ta ce, "Haka aure yake."
Na yi shiru, ina aunawa.

Sai ta zaro 'yar wasiƙa daga jaka.
"Jefa wannan ciki."
"A'a, Dona. Duk abin da ke yawo cikin akwati
shi ke ji wa zane ciwo."
Na manna ta a bayan firam, gam sau biyu.
Ban yi niyyar karantawa ba, ido ne ya riga ni:
"Kada a rataye shi inda rana ke duka.
Shuɗin yana da saurin fushi."
Da harshenmu ta rubuta.
Wa zai karanta musu a can?

Ba na buga ƙusa a kan zane,
guduma na girgiza tsohon fenti.
Noti goma sha shida na murɗa, ɗaya bayan ɗaya,
tana ƙirgawa da leɓe.
Na zana kibiya a kowane gefe:
nan ne sama, jama'a, nan ne sama.

Mota ta zo ƙarfe huɗu.
Bayan ta sha kwana, Dona ta kakkaɓe garin katako daga bargon,
ta ninke shi huɗu.
"Ka san mai fentin gida?" ta ce.
"Wurin da yake rataye ya fi sauran bangon haske."