Hatimi

Kwana arba'in shagona a rufe.
Ina Maƙarfi, jinyar Baba, har muka kai shi makwancinsa.
Keken ɗinki ya yi barci, dutsen guga ya huce,
ko ƙwan fitila bai ga hannuna ba.
Na dawo Unguwar Mu'azu da sauran gaisuwa a kunne,
sai ga takarda soke a kwaɗon ƙofa:
naira dubu sittin da biyu, kuɗin wuta.
Wa ya sha? Gizo-gizo?

Ran Talata suka zo da tsani.
Na fito da almakashi a hannu ban ma sani ba,
na yi ta faɗa har jijiyar wuya ta miƙe.
Yaron da ke sama ya ce, "Oga, aiko mu aka yi,"
ya datse waya, ya naɗe ta kamar igiyar guga.
Layi ya taru, kowa ya ba ni gaskiya.
Gaskiyar layi ba ta juya keke.

Mama Bilhatu mai ƙanƙara,
wadda ta yi akawu a masaƙar Kakuri kafin a garƙame ta,
ta bari na gama huci, sannan ta ce:
"Tanimu, ihu ba shi da kwafi.
Kawo biro.
Sa sunanka, sa lambar da ke goshin takardar,
ranar da ka rufe, ranar da ka buɗe.
Kada ka zagi uwar kowa, ba ta da fayil a can.
Abin da kake so a yi, faɗe shi a layi ɗaya.
Ka yi biyu, ɗaya tasu, ɗaya taka,
kuma kada ka fito sai taka ta sha hatimi."

Ofishin nasu janareta ke ba shi haske.
Na haɗiye dariya, na bi benci.
Mai teburin bai ɗago ba: "Ajiye nan."
Nan ɗin tudu ne na takardu da suka fara yin ja.
Na ce, "Ranka ya daɗe, hatimi."
Ya ce tawada ta bushe.
Na ce ni tela ne,
akwai wandon da shekara biyu nake jiran mai shi.
Na zauna. Aka yi azahar, na dawo na zauna.
Dab da la'asar ya ja aljihun tebur,
ya hura wa abin iska, ya buga: dum.
Kwanan wata, da lamba, da sa hannu kamar tafiyar tsutsa.

Mako uku shiru.
Na ɗinka kayan suna biyu da ƙafa, gwiwata na kuka.
Bilhatu ta ce, "Kowane ofishi da ofishin da yake tsoro.
Ɗauki mai hatimin, kai wa hukumar da ke riƙe da linzaminsu."

Dogon tebur, mutum uku, da wakilin kamfani cikin kwat.
Na karanta tawa.
A ranar rasuwar Baba muryata ta karye, suka jira ni.
Wata mai tabarau ta juya gare shi:
"Mene ne lambar mitarsa?"
Ya buɗe fayil, ya rufe. Babu mita.
"To da wane mudu kuka auna?"
Ya dubi silin, kamar can aka rubuta amsar.

An soke dubu arba'in da bakwai.
Sauran na biya, ko da yake har yau ban san na mene ne ba.
Waya ta koma bisa turke.
Mita, an ce tana hanya;
ina jin a ƙasa take tahowa daga Legas.

Takardar na nan cikin gwangwanin maɓallai.
Jiya Iliya mai aski ya faɗo shagon
da tasa a dunƙule, idonsa jajur,
yana rantsuwa sai ya karya tsanin wani.
Na bari ya gama.
Na ture yadin da ke kan tebur,
na ce, "Zauna. Kana da biro?"