Sawun Yatsu

Da la'asar na bi lungunmu na Jahun,
ruwa bai jima da ɗaukewa ba,
indararon gidan Talle na ɗiga ɗai-ɗai
cikin randa mai tsagaggen baki.

Kowace katanga da halinta.
Ta Barau mai shayi ta yi ciki,
an tokare ta da kututturen giginya,
shekara bakwai, ba ta faɗi ba, ba ta miƙe ba.
Ta Hansai rabi bulo ce, rabi ƙasa:
inda kuɗin riɗi ya ƙare, nan siminti ya tsaya.

Ga zauren Malam Jatau mai gajeriyar ƙofa,
ko wane ne kai, sai ka sunkuya.
Dakalinsa ya yi sulɓi don zama,
ramukan dara a gefe sun cika da ruwan yau,
kaza na sha a ɗaya.
Zanko guda ya rage cikin huɗu,
kurciya ta mai da shi kujera.
Ƙyauren Ladingo kuwa gwangwanin mai ne
aka fasa, aka miƙar, aka shafa masa shuɗi,
ragowar fentin makaranta.

Babana magini ne.
Yakan ce ƙasa sai ta kwana uku da ramno
kafin ta yarda ta zama gida.
Ni na tafi Kano, na dawo da 'yan kuɗi,
na rushe soronsa, na sayar da azara,
na kafa kwano mai ɗaukar ido.
Da rana tanda, da ruwa ganga.
Bai ce mini uffan ba.
Tabarmarsa kawai ya naɗe,
ya koma yini a zauren Jatau
har ranar da aka fito da shi.

Yau a kwanar gidan Talle na tsaya,
inda yaɓe ya jiƙe ya yi duhu.
Sawun yatsu huɗu, sun lanƙwasa, sun lanƙwasa,
tun daga gindi har inda tsani ya kai,
ƙaramin ya karkace waje,
wanda tubali ya taɓa karyawa.

Na ɗora hannuna a kai.
Nawa ya fi tsawo, nasa ya fi faɗi.

Yalwa ta ja mini riga,
ƙwaryar niƙa a kanta:
Baba, za a kashe inji fa.
Na ce kawo hannunki tukuna.