Wace Gaɓa Ce Ta Ji Rauni?

Takardar diyya shafi huɗu ce.
A na biyun an zana mutum,
ba ido, ba baki, hannuwa a buɗe,
aka ce: sa alama inda ka ji ciwo.
Na riƙe biro har akawu ya yi hamma.

Ni ne Hali, direban tankar ruwa.
Ban taɓa sa kaki ba.
Wata goma sha tara kamfani yana aike na
in shayar da sansanin soja,
can gabas, inda hanya ke cin mota da mai ita.
Soja yana da bindiga da lamba da fansho,
ni lasisi gare ni, da yaron mota,
Chika, ɗan Gidan Igwai,
mai cin gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihu
don kar in yi faɗa.

Ranar, cewa ya yi zai shiga motar gaba,
rediyonta na kama ƙwallo, tawa ba ta kamawa.
Na ce tafi, sarkin kwaɗayi.
Maganata ta ƙarshe ke nan gare shi.

Ƙarar ba ita ta zauna mini ba.
Bayanta ne, da duniya ta yi tsit,
sai bututun tankata da ya fashe
yana ta zuba, yana ta zuba,
ruwan mutum ɗari uku yana bin kwalta
yana sauya launi.
Na tsinci silifa ɗaya. Ta hagu.

Yanzu ina Mabera, gaɓoɓina cif.
In mai ruwa ya tuntsura jarka a randa
sai in ga ni a bayan ƙyaure.
Alwala a hankali nake yi, ɗigo-ɗigo,
kar buta ta yi magana.
Ige ta mai da randar waje ba ta ce komai ba,
ta sayar da firjin,
ta koya wa Kulu wanka in na fita.
Damina kuwa, kar ka tambaye ni damina.

Modi ya bar yatsu biyu a ƙofar mota,
an biya shi, ya sayi babur.
Ba na yi masa hassada, Allah shaida.
Akwai jadawali a bango:
yatsa kaza, ido kaza, ƙafa daga gwiwa kaza.
Na bi shi da yatsa har ƙasa
ban ga kuɗin barci ba.

An sha rubutu, an yi hayaƙi.
Daga baya yayana ya ɗauke ni zuwa Kware
da asuba, don kar unguwa ta gani.
Unguwa ta gani.
Likita ta saurare ni awa guda ba ta duba agogo ba,
ta ce ciwo ne, yana da suna, yana da magani,
ta rubuta wasiƙa ta buga hatimi.

Akawu ya juya wasiƙar gaba da baya.
Malam, kawo hoton ƙashi.
Na kawo. Ƙashi lafiya lau.
To ka gani, in ji shi,
kwantiraginka ya ce rauni,
kai kuwa da ƙafarka ka shigo.

Sai na sunkuya kan mutumin takarda,
na tsallake kai, na tsallake ƙirji,
na ɗiga alama a farin fili
kusa da kafaɗarsa ta dama.
Ya ce: nan ai ba jiki ba ne.
Na ce: nan yake zama.

Ya daɗe yana kallon ɗigon.
Sannan ya ce na ɓata fom,
sabo naira ɗari biyu ne,
in dawo Talata.

A bakin ƙofa wani yana wanke mota da tiyo.
Na jira a inuwa sai da ya gama.