Ko da Waƙafi

Wata goma sha ɗaya ke nan muna kwashe kaya
a ɗakin ƙarshe na Ma'aikatar Shari'a,
inda fanka ke juyi in an kawo wuta,
in an ɗauke mu yi fifita da tsohuwar gazet.

Malam Gwadabe ya faɗa mana tun ranar farko:
"Ku ba magina ba ne, 'yan jere ne.
Kwano ya bar ƙasa ya hau kanta,
amma abin da ke ciki kada ya zube,
kada ya ƙaru ko da ƙwayar gero."

Dokokin jiha kuwa ga su nan barkatai.
Wata tun zamanin En'e aka haife ta,
wata soja ya buga mata hatimi da hantsi
ya soke rabinta kafin la'asar,
wata an yi mata faci sau tara
har ba a gane asalin yadin.
Dokar kasuwa ta kwanta a cikin ta haraji,
ta mahauta ta laɓe bayan ta ruwan famfo.
Gara ta cinye shafi uku a dokar awo,
sai a akwatin wani tsohon akawu a Yakasai
muka samo 'yar'uwarta.

Ni da Uwani muka raba aiki.
Ita ta karanta tsohon da ƙarfi,
ni in bi sabon da ɗan yatsa.
Sashe na bakwai ya koma na ashirin da biyu,
ya sauya unguwa bai sauya hali ba.
Mun taɓa kwana uku muna gardama
a kan waƙafi guda,
don in ya matsa gaba da kalma ɗaya
sai tara ta koma ɗauri.

Ran wata Laraba na ci karo da shi:
wanda ya kasa kaya ko ya tare hanya.
Na san wannan layi tun ban iya karatu ba.
Shi ne ya zo Fagge a bayan akori-kura
ya kwashe famfon Baba Tanimu da sifanunsa
da kwanon ruwan da yake gwada tiyub.
Bai tare wa kowa hanya ba,
bango yake jingina.
Ina riƙe da ƙullin ƙosansa, ina kallo.

Ko.
Harafi biyu.
Da kuma aka rubuta a wurin
da ya ci gaba da facinsa har tsufa.

Uwani ta fita alwala.
Shafi dubu huɗu, wa zai lura?
Na goge shi. Na rubuta kuma.
Na zauna ina kallonsa, ya yi kyau,
kamar haƙorin Makka a bakin marainiya.

Sai na jiyo tarin wani a ɗakin maƙwabta,
shi ma da nasa babin, da nasa uban,
wataƙila nasa uban shi ne mai akori-kurar.
In hannuna ya iya buɗe ƙofa a ɓoye
nasa ma zai iya rufe wata.

Na mayar da ko mazauninsa.
A wata takarda dabam na rubuta:
a duba wannan sashe, yana cizo.
Na sa hannu da cikakken sunana,
aka haɗa da na Majalisa.
Har yau shiru.

Jiya aka kawo kundin daga maɗaba'a,
juzu'i shida, koren bango, warin gam.
Malam Gwadabe ya shafa shi kamar goshin jika.
Ƙayar tana nan, ban cire ta ba,
sai dai ta bar cikin yayi,
tana shafi na ɗari uku da sha ɗaya,
duk mai tsinke ya san inda zai dosa.

Da yamma adaidaita ta bi da ni ta Fagge.
Bangon yana nan.
Wani yaro ne a wurin, yana sayar da caja.