Bashin Saniya

Shekara talatin da ɗaya a mayankar Kaase
ina rataye shanu ta agara.
Na san inda ake soka ƙugiya,
tsakanin ƙashi da farar igiyar nan
da ke ɗaukar sa guda ba ta yi ƙorafi ba.
Ban taɓa tuna ina da tawa ba.

Wata Talata, daɓe ya jiƙe da ruwan wanki,
bijimin Bawku ya fizge,
na dogara da dunduniya.
Ƙas!
Na waiga in zagi wanda ya jefe ni,
ba kowa sai Mumuni da bokiti, baki buɗe.

Wata biyu ina jan ƙafa ina shafa man kaɗe.
Mai ɗorin Aboabo ya lalube ni, ya goge hannu:
"Tanko, ni ƙashi na gada.
Wannan ba ƙashi ba ne."

A babban asibiti, Dakta Adjeiwaa,
sa'ar 'yata ta biyu, mai Hausar kasuwa,
ta zana mini a bayan takardar magani:
bakin nan biyu sun ja da baya
kamar 'yan'uwan da gado ya raba,
ko an jawo su ba sa gaisawa.
Sai an sa faci.

Na ce, facin me?
Ta ce, tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya.
Na yi dariya har nas ta leƙo.
Abin da nake fige wa ungulu kullum safiya!

Ta ce an wanke shi, an sake wankewa,
har ya manta ko na wace saniya ne,
ba jini, ba maiƙo, sai zallar saƙa.
"Ka taɓa zuwa Bonwire, baba?
Mu wadari kawai za mu ja.
Jikinka ne zai jefa ƙoshiya."

Na ce, ba na alade ba dai?
Ta ce, saniya.
Na ce, wa ya yanka ta?
Nan ta yi shiru, ni ma na yi.
Limaminmu ya ce lalura tana da ƙofarta,
na shiga, amma sai da na sunkuya.

Azumi ta sayar da firjin ƙanƙararta,
'yan adashi suka ba ni kwasar da ba tawa ba.
Aka yi. Na farka da ƙafa cikin siminti.

Da dare, in Asawase ta yi tsit,
sai in kasa kunne ga dunduniyata.
Ba a jin komai.
Amma na san gara ma ba a jin ta
sai an wayi gari ta tashi gini.
Ina zaton ƙananan tsokokina
suna tsallaka gadar baƙuwa ɗaya bayan ɗaya,
suna cin ta a hankali,
suna ajiye nasu zare a gurbinta.

Saurayin gashin ƙafa, Ofori, ba ya da tausayi.
Ɗaga, sauke. Ɗaga, sauke. Saura takwas.
Ni da na kayar da bijimai
ina gumi a kan tsayuwa bisa yatsu.
Ranar da na hau turoturo ba wanda ya tallafe ni
na ba yaron mota sidi biyar, na ce riƙe canji.

Yanzu na koma Kaase, ba gudu dai.
Jiya na tsaga ƙirji, hannuna ya kai kan zuciya,
na ɓare tantanin, na ɗaga shi ga hasken ƙofa.
Sirara, zare a kan zare.
Ungulu uku a kan katanga suna jira.

Mumuni ya ce, "Maigida, matan Kejetia na tsaye."
Na ce su tsaya.
Na dafa ƙasa da dunduniyar hagu,
na ji ta amsa.