Ramin da Na Cike

Shekara goma sha ɗaya ina bin Jega zuwa Yawuri,
kujerar nan ta lotsa kamar tsohon turmi.
Tsakaninta da ƙuguna akwai wani rami,
nan ciwo ke shiga ya miƙe ƙafa
tun daga Maiyama,
fasinjan da bai taɓa biyan kuɗin mota ba.

A Koko nakan fito a duƙe
kamar wanda allura ta faɗi masa a yashi.
Na gwada filo, ya zame.
Na naɗe buhun albasa na cusa,
kwana uku ina warin kasuwar Aliero,
bayan kuwa yana nan yadda yake.

Sai ƙanwata Tumba, mai aikin asibiti,
ta zo da abin awon jini da aka yar.
Agogonsa ya mutu, allurar ta kwanta a sifiri,
amma jakar tana riƙe iska,
bututun da 'yar robar matsawa lafiya lau.
Ta ce, ya matse damtse dubu,
a ba shi baya ɗaya ya tallafa.

Ranar Laraba ban yi lodi ba.
Ƙarƙashin dogonyaro na zare matashin kai,
na bi ƙugiyoyin rigar kujera da filaya,
ɗaya ta ci mini babban yatsa.
Na naɗe rigar sama kamar mai feɗe akuya.
Ga abin da ke ciki:
ƙwallon dabino biyu, tikitin tasha da ya koɗe,
ɗan kunne ƙwaya ɗaya, ban san mai shi ba,
da wayoyi masu lanƙwasa irin sawun maciji,
su ne suka gaji, ashe, ba ni kaɗai ba.

Soso na sayo wurin Nomau mai katifa,
na yanka da wuƙar burodi,
kauri a tsakiya, gefe na fiƙe shi siriri.
Jakar a baya, soson a gaba,
na ɗaure da tsagin tsohon tub na keke.

Na zauna. Ya yi sama.
Ya tokare ni a allon kafaɗa,
na sandare kamar ango gaban mai hoto.
Na kwance, na sauke. Ya yi ƙasa,
yana turo ni sitiyari kamar mai bina bashi.
Kakale bakanike ya leƙo da baƙin hannunsa:
Mi kaka yi, Jatau? Kujerar na da hawan jini?

Ɗana Hantsi ne ya raba gardama.
Ya sa tafinsa a bayana, sama da mazagi kaɗan,
ya ce, Baba, nan ne ramin,
ya shata wurin da alli a jikin soso.
Karo na uku ya zauna daram.
Na fito da bututun ta gefen birkin hannu,
na mayar da ƙugiyoyi, biyu suka rage,
har yau suna cikin aljihun mota.

Yanzu in na tashi daga Jega, matsa uku.
Bayan Maiyama in ƙara ɗaya.
Jiya na sassauta ƙusar, iska ta ce fuuu,
wata tsohuwa a baya ta ɗau salati,
wai taya ta tafi.

Ramukan hanya suna nan, ba su san an yi ba.
Ciwon ma bai yi ƙaura ba,
sai dai yanzu a Koko yake shiga,
wani lokaci ya makara.
Na sauka Yawuri na miƙe tsaye
har na hango jiragen ruwa ta saman rumfuna.

Direbobi uku sun aiko
in tambayar musu Tumba
ko akwai wani agogon da ya kusa mutuwa.